Sun Ce Allura Ce Ta Kashe Isyaku

Sunana Hajara. Ina matsar man gyaɗa ina soya ƙuliƙuli a wani ƙauye da ke bayan Kunci, kuma a garinmu yanzu in ka ce "Hajara Mai Allura" kowa zai nuna maka ƙofar gidana. Ba don yabo aka laƙaba mini sunan ba. Na karɓa hannu biyu, na kuma zauna na rubuta yadda aka yi na same shi, domin duk wanda ke da mai ciwon shawara kwance a ɗaki ya karanta kafin ya ɗauki fartanya ya tafi tonon saiwa.

Mu uku Innarmu ta bari: ni ce babba, sai Isyaku, sai autanmu Sabi'u. Ni na goye su duka biyun. Inna ta rasu Sabi'u bai daɗe da yaye ba, ciki a kumbure, idanu rawaya shar. Aka ce sammu ne, aka yi ta harara wata maƙwabciyarmu har ita ma ta koma ga Allah. Da mahaifinmu ya bi bayan Inna, sai gida ya koma hannun ƙanensa, Baffa Idi. Zan faɗi gaskiyarsa, Baffa ba mugu ba ne. Shi ya ciyar da mu, shi ya yi wa mazan aure, da mijina ya rasu shi ya fara aiko mini da damin gero. Sai dai mutum ne da in ya furta magana, ko shi kansa ba ya iya janye ta.

Isyaku manomi ne, da safe kuma yana biya wa yaran unguwa karatu a zaure. Ba shi da hayaniya. A gona kuwa in ya sunkuya, sai ya kai bakin kunya yake ɗagowa.

A makon shuka abin ya fara. Matarsa Zulai ta ce mini yanzu yakan tsaya a tsakiyar kunya ya dafe gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Tuwon da ta zuba masa yana dawowa kusan yadda ya tafi. Fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi. Mako na zagayowa na je gaishe shi, ya ɗago ya dube ni, na ga farin idonsa ya yi rawaya.

A wajenmu da zarar ido ya yi rawaya an gama bincike, shawara ce. Akwai kuma dokar da kowa ya sha da nono: mai shawara ba a yi masa allura. Wai allura na shiga, shawarar za ta ruga cikin jini ta kama zuciya. Tun da kuwa asibiti ba ka fita sai an huda ka, ma'anar dokar ita ce mai shawara ba ya zuwa asibiti. Da wannan maganar duk muka tashi. Amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ga hakan da idonsa ba. Kullum ƙanen abokin wani ne, a wani gari can.

Baffa ya tono saiwar rawaya aka jiƙa. Aka hana Isyaku mai, aka hana shi nama, aka hana shi gishiri, aka jibge masa rake a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo dubiya likita ne. Wannan ya zo da ɓawon itace, wancan ya zo da gari a ƙullin leda, wata gwaggonmu ta taso takanas daga wajen Dawakin Tofa da wani jiƙo wanda warinsa kaɗai ya kori kaji daga tsakar gida. Isyaku ya sha duka, don ba ya iya ce wa babba a'a. Na gode musu da zumunci, Allah ya ba su ladan tafiya. Amma da za a tara abin da suka ɗura wa bawan Allahn nan a ba wa jaki, ban ce zai kai magariba ba.

Noman farko gayya aka yi masa. Kafin maimai ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya daina shiga. Daga nan sai ciki. Mutum yana ramewa ta sama, yana cika ta ƙasa. Aka kira wanzami ya yi masa tsaga a gefen ciki, wai don mugun jini ya fita, jinin ya yi ta tsiyaya ya ƙi tsayawa da wuri. Ranar ina riƙe da ƙwarya, Zulai ta ɗaga masa riga, na ga cikin nan a tamke yana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Cikin Inna ne sak.

Na sami Baffa a zaure, na durƙusa na gaishe shi.

"Baffa, a yi mini izini in kai Isyaku asibiti."

"Hajara, kin taɓa jin an kai mai shawara asibiti ya dawo da ƙafarsa?"

"Inna ba a kai ta ba, Baffa. Ta tashi?"

Ya ce, "Ki iya bakinki. Uwarku hannu aka sa mata. Wannan shawara ce, kuma tun ba a haife ki ba nake maganinta. Tashi ki ba ni wuri."

Na koma wajen mai ciwon, ko shi zai buɗe baki. Ya ce, "Yaya, don Allah kada ki haɗa ni da Baffa. Ki bari a ƙarasa wannan jiƙon, in bai yi ba sai a sake shawara." Aka ƙarasa wannan aka ɗora wani. Duk mako sai na koma zaure, duk mako sai an koro ni. Haka muka yi ta yi har gero ya fitar da kai.

Wata safiya Zulai ta shigo gidana ko mayafi babu, ta ce Malam yana aman jini. Ranar ban nemi izinin kowa ba. Na aika Kunci aka zo da mota, na kwance tunkiyata na ce a kai kasuwa. Baffa yana tsaye a ƙofar gida yana salati yana kiran sunana, ni da Sabi'u muka ciccibi Isyaku muka wuce ta gabansa.

Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, kallo ɗaya suka yi masa suka ce mu wuce birni. A babban asibiti na san abin da ake kira layi. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin gwajin jini daban, na hoton ciki kuwa sai da aka ba mu rana. Komai kai za ka sayo, tun daga auduga har safar hannu. Wata nas ta daka mini tsawa a gaban jama'a: "Sai da kuka gama kashe shi a gida za ku kwaso mana shi?" Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, na kuma rasa ta inda zan ƙaryata ta. Ita ɗin ce dai daga baya take gyara masa matashi tana kiransa Malam. Akwai kuma wata baiwar Allah 'yar Bacirawa da ke jinyar mijinta a gadon kusa da namu. Ita ta raba tabarmarta da ni, ita ta koya mini kantin da magani ya fi sauƙi. Ko sunan mahaifinta ban sani ba, amma ba na sallame salla ban sa ta a addu'a ba.

Aka yi masa ƙarin jini, aka yi masa allurai, aka zuƙe ruwan cikin. Ina tsaye a kansa lokacin da allurar farko ta shiga. Na zuba wa ƙirjinsa ido ina jiran abin da aka ce. Ba abin da ya faru sai barci, irin wanda ya yi watanni bai samu ba. Da ya farka ya ce a ba shi koko.

A mako na biyu, bayan hoto ya fito, likitar da ke duba shi ta kira ni ofishinta. Yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Ta ce mini Hajiya, na ce ko filin jirgi ban taɓa gani ba, ta yi ɗan murmushi ta ce in zauna.

Ta ce abin da muke kira shawara alama ce kawai, ciwon yana hanta. Akwai ƙwayar cutar hanta nau'in B a jininsa, mai yiwuwa tun daga haihuwa ya samo ta wajen uwa. Shekara da shekaru tana cin hantar a ɓoye, har ta yi tabo kan tabo ta ƙandare. A kan wannan ƙandararriyar hantar kuma ciwon daji ya tsiro, ya riga ya bazu. Jiƙe-jiƙen da ya sha, hantar da ta gaji ce dai za ta tace su, sun ƙara mata nauyi.

Na ce, "Likita, da mun zo tun shuka fa?"

Ta ce, "Ba zan yi miki rantsuwa ba. Amma da muna da abin yi fiye da wanda muke da shi yau."

Ta tambayi abin da ya kashe Inna, na kwatanta mata. Ta tambayi mu nawa ne ciki ɗaya. Ta ce lallai a gwada ni, a gwada Sabi'u. Ni a take na miƙa hannu. Sabi'u kuwa ya riga ya koma gida saboda gona. Da sakamakona ya fito, ƙwayar tana jinina ni ma, amma hantata lafiya lau.

Na ce, "To yaya haka? Ciki ɗaya, nono ɗaya, tukunya ɗaya. Ni na girme shi ma. Me ya sa ta cinye shi ta bar ni?"

Amsar da ta ba ni har yau tana kunnena. Ta ce, "Jiki yana da masu gadi, su ne garkuwarsa. In ɓarawo ya shigo, kiran juna suke yi su taru a kansa. Yadda suke wannan kiran, kowa da irin wanda ya gada a ƙwayoyin gadonsa, ko 'yan ciki ɗaya ba lallai rabonsu ya zo daidai ba. Na wani in sun taru sun yi aiki sai su lafa. Na wani kuwa kiran ba ya yankewa, kullum cikin faɗa suke a kan hanta, suna tattake gonar da aka ba su gadi. A irin wannan wurin da aka tattake ne daji ya fi saurin tsirowa. Ba duk mai tabon hanta ne ke kamuwa da shi ba. Masana suna kan bincike su gane wane gado ne ya fi jawo shi, kuma mu nan ba mu da gwajin da zai nuna mana wanda ƙanenki ya ɗauko. Abin da muka sani shi ne, gidan da ya taɓa uwa ya taɓa ɗa, ba a ɗauke ido daga sauran. Ki kawo mini shi tun yana tafiya da ƙafarsa."

Bayan wasu makonni suka ce mu koma gida da maganin rage zafi. Isyaku ya gane ba sauran magani. A mota, mun wuce Bichi, yana jingine da kafaɗata yana kallon gonaki, ya ce, "Yaya, Sabi'u. Kada ki bari ya ji kunyar Baffa irin wadda na ji."

Ana cikin yankan gero Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ba a share makoki ba magana ta fara yawo. A ɗakin mata ina shiga sai a yi tsit. Ranar sadakar uku Baffa ya faɗa a zaure, da murya yadda zan ji daga tsakar gida: "Mun riƙe yaron nan wata da watanni yana numfashi. Aka ɗauke shi aka je aka huda shi, ga abin da aka dawo mana da shi." Nan sunan ya samo asali. Wasu matan suka daina sayen maina, kamar allurar a cikin kwalba nake zuba ta. Na yi kuka, ba na musu, amma ba a gabansu ba. Na yi wa Sabi'u maganar gwaji har bakina ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya: "Yaya, lafiyata ƙalau. Ki bari ƙura ta lafa."

Da bazara, ana sharar gona, ya biyo ta gidana ya zauna a bakin murhu. Na miƙa masa ƙuli mai zafi, abin da tun yana yaro sai na ɓoye masa, ya ce ba ya sha'awa. Na ajiye matsami, na kamo haɓarsa na juya fuskarsa wajen rana. Rawayar ba ta yi ƙarfi ba tukuna, amma tana nan.

"Tun yaushe?"

"Kwana kaɗan ne, Yaya. Baffa ya riga ya tono saiwa."

Ban ko wanke hannu ba na ja mayafi. Na tarar da Baffa a zaure da dattawan unguwa, ga ƙwaryar jiƙon a gefensa an rufe da faifai. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce rashin kunya ce ta kawo ni.

"Baffa, gobe da safe zan tafi da Sabi'u birni. Ba izini na zo nema ba, sallama na zo yi."

Baffa ya ce, "Ɗayan bai ishe ki ba?"

"Bai ishe ni ba, Baffa, shi ya sa nake son in riƙe wanda ya rage. Inna jiƙo ta sha, Isyaku jiƙo ya sha damina guda. Na ga abin da ƙwaryar nan take iyawa. Wannan karon a bar ni in gwada nawa tun da sauran ƙarfi a jikinsa."

Wani dattijo ya ce, "Hajara, ki ji tsoron Allah, mahaifinki ne fa."

Na ce, "Tsoron Allahn ne ya kawo ni, Malam. Amana Isyaku ya bar mini a cikin mota."

Baffa ya miƙe tsaye. Na san ba ƙiyayya ba ce, shi ma tsoro yake ji, ya yi imani har zuciyarsa cewa kashe masa ɗa zan yi. Ya ce, "In kika fita da yaron nan daga garin nan, babu ni babu ke. Kai kuma Sabi'u, ka zaɓa."

Sabi'u yana rakuɓe a bakin ƙofa, magidanci mai 'ya'ya, kansa a ƙasa kamar wanda aka kama da satar mangwaro. Na tashi na tafi gida ban san abin da ya zaɓa ba. Na dai haɗa kayana, na aika a tsayar da mota. Da gari ya waye na buɗe ƙofa, na same shi zaune a kan dakali da 'yar jakarsa a cinya.

A ɗakin gwajin jini, da ma'aikacin ya ɗaure masa dantse ya ɓare allura, Sabi'u ya janye hannu. Gumi ya karyo masa. Ya ce, "Yaya, in na mutu fa?"

Na ce, "In ka mutu ni za a zaga, kuma na riga na saba. Miƙa hannu."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya rufe ido ya miƙa.

Likitar nan dai muka samu. Ta gane ni, ta ce, "Hajiya, kin kawo shi." Ƙwayar tana jininsa, kuma ta taso masa da ƙarfi, shi ya kawo rawayar. Suka kwantar da shi, ƙarin ruwa, allurai, hannu duk ya yi shaida. Ranar hoton ciki ina waje a kan benci, na karanta duk abin da na haddace har na koma farko. Ta fito ta ce hantarsa ta fara tabo, irin hanyar da ta ɗan'uwansa ta bi. Amma ba daji. Ta ɗora shi a kan ƙwayar magani guda kullum, ta ce ko ranar Salla kada ya tsallake, ba jiƙo, ba tsaga, kuma duk wata shida ya dawo a yi hoto a gwada jini, ko da yana jin zai iya kayar da bijimi. Ta ce in ma abin zai tsiro, gara a gan shi tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, a lokacin akwai abin yi.

Wannan jinyar ta cinye ragowar dabbobina da tukunyar suyata babba. Ban yi da-na-sani ba. Ina dai ƙorafi, kuma zan yi ta yi: me ya sa sai mutum ya ƙetare garuruwa kafin a duba masa hanta? Me ya sa ba wanda ya taɓa zuwa ƙauyenmu ya ce mana rawayar ido ba cuta ba ce, ƙararrawa ce? Da an faɗa wa Baffa wannan tun yana saurayi, da wataƙila shi zai fara neman mota.

Kafin ruwan shuka idon Sabi'u ya washe. Ranar da muka dawo, bai shiga gidansa ba sai da ya tsaya a zauren Baffa, ni ina daga waje inda aka ajiye ni. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya miƙa masa dantsen nan mai tabon allura.

"Baffa, ga mai shawara an yi masa allura. Ya zo gaishe ka."

Baffa ya kama hannun, ya daɗe yana shafa tabon da babban yatsa. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai ko dubi inda nake ba.

Har yau Baffa bai janye maganarsa ba. In na gaishe shi a hanya, carbinsa yake amsawa. In zancen Isyaku ya taso, yana nan a kan cewa allura ce. Ina son Baffa, kuma rashin amsa gaisuwarsa yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin gaisuwarsa da numfashin Sabi'u, gobe ma abin da zan zaɓa ke nan.

Ban ce mun tsira ba. Ba wanda ya san irin kiran da masu gadin Sabi'u suka gada, ko irin nawa ne ko irin na Isyaku. Duk lokacin da ranar hoto ta matso, abinci ba ya yi mini daɗi sai mun fito. Zuwa yanzu dai ana cewa ba komai. Na kai 'ya'yana da na Isyaku da na Sabi'u an gwada su, waɗanda ba su da ƙwayar an yi musu rigakafi, wannan ma allura ce, sai a ƙara a kan sunana.

Kai da ke karanta wannan, in idon naka ya yi rawaya, ko an taɓa binne wani a gidanku da kumburarren ciki, kada ka tsaya jiran jiƙo ya ƙare. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya taurin kai.

Ranar komawarmu ta gaba ta faɗo a tsakiyar noman farko. Jiya Sabi'u ya zo yana sosa ƙeya, wai ko za a ɗaga zuwa bayan maimai, tun da ciyawa ba ta jira. Na ce masa Isyaku ma jira ya yi, kafin maimai ƙafafunsa sun kumbura. Ya ɗauki ƙuli guda a faranti ya jefa a baki, ya ce in tsayar da motar.